KARON CIBIYOYIN ZARRA: DARASI DAGA TASHAR ƘAURAN NAMODA

Kwanan baya na kai ziyara wata makaranta a ƙasar Zurmi, na zauna a bayan aji ina sauraron darasin kimiyya. Malamin ya rubuta a allo cewa zarra ita ce abu mafi ƙanƙanta, wanda ba ya rabuwa. Sai wani yaro wanda bai fi shekara 14 ba ya ɗaga hannu, ya ce, "Gafarta Malam, in ba ta rabuwa, yaya aka yi aka fasa ta har aka yi bom? In kuwa an fasa ta, ina ɓaraguzanta su ke zuwa?" Malamin ya yi jim, sa'an nan ya ce masa ya zauna, wannan ba ya cikin manhaja. Yaro ya zauna, 'yan aji suka yi masa dariya.

Ban ga laifin malamin nan ƙwarai ba, gama shi ma haka aka koya masa, kuma ba shi da littafin da zai duba. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin tambayar yaron nan ita ce tambayar da manyan masanan duniya suka fi shekara 100 suna bi, har yau kuwa ba su kai ƙarshenta ba. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da ya sawwaƙa a kanta, don amfanin 'yan'uwana malamai da akawuna, ko wata rana wani yaro ya sake yin irin wannan tambaya ya sami amsa.

ABIN DA KE CIKIN ZARRA

Ko wane abu da mu ke gani, ƙasa ko ruwa ko iska ko jikinmu, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A cikin shekarar 1911 wani masani a Ingila, Ernest Rutherford, ya bayyana cewa zarra tana da wata 'yar cibiya a tsakiyarta, kusan dukkan nauyin zarra kuwa a cibiyar nan ya ke. Faɗin zarra ya fi na cibiyarta tsakanin sau 10,000 da sau 100,000. Watau da za a kumbura cibiya ta kai ƙwayar gyaɗa, da zarrar ta kai filin ƙwallo, ko ta fi.

Cibiyar kuma ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai 'ya'ya iri biyu a cikinta, furoton da nutiron, waɗanda a nan za mu kira su 'yan cibiya. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki, nutiron ba shi da caji. Yawan furoton shi ke nuna ko wane sinadari ne: in 1 ne haidirojin ke nan, in 2 ne hiliyam, 3 litiyam, 4 beriliyam, 6 kabon, 7 naitirojin, 79 zinariya, 82 dalma, 92 yuraniyam. Lambar da a kan rubuta bayan sunan sinadari kuwa jimlar 'yan cibiya ce. In an ce kabon-12, ana nufin furoton 6 da nutiron 6.

Ƙarfi biyu ke jayayya a nan. Na farko, furoton da furoton suna ture juna, tun daga nesa. Na biyu, akwai wani ƙarfi mai tsanani da ke ɗaure 'yan cibiya, amma hannunsa gajere ne, ba ya kamu sai an matso har an kusa gogar juna. Don haka in ana so cibiya biyu su haɗu, tilas a jefa ɗaya da gudun da zai rinjayi turin nan. Injin da Ernest Lawrence ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1930 aikinsa kamar na majaujawa ne: yana juya cibiya yana ƙara mata gudu, sa'an nan ya sake ta ta nufi abin hari. Cibiyar da aka jefa ita ce harsashi. In ta fi hiliyam nauyi, masana su kan kira aikin karon cibiyoyi masu nauyi.

MISALI DAGA TASHA

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda a cikin shekarar 1929, nan kuwa ta tsaya. Dattawan da suka ga zamanin da a ke lodin gyaɗa da auduga a tashar nan sun san aikin shantin, watau jera taragai da sauya musu layi. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli aikin nan ya riga ya ga abu huɗu. Wani lokaci jeri biyu su kan wuce juna, ko wanne a layinsa, ba abin da ya taɓa wani. Wani lokaci a tura wannan ya haɗu da wancan, su zama jirgi guda. Wani lokaci a kwance tarago ɗaya daga wannan a ɗaura wa wancan, ko wanne ya kama hanyarsa, ɗaya ya ragu, ɗaya ya ƙaru. Wani lokaci kuma, in maɗaurin ya yi rauni, fizga ɗaya ta isa ta tsinka jerin gida biyu.

To, haka karon cibiyoyi ya ke. In harsashi ya bi nesa da abin hari, turin lantarki ya kan karkata shi kawai ya wuce. In ya zo gaba da gaba da isasshen ƙarfi, su kan narke su zama cibiya ɗaya. In kuwa suka gogi juna a gefe, nan ne a ke samun abu biyu da mu ke magana a kansu: ko wasu 'yan cibiya su yi ƙaura daga wannan zuwa wancan, ko harsashin ya wargaje. Duk wannan yana ƙarewa cikin lokacin da hankali ba ya iya kamawa. A raba sakan ɗaya gida miliyan, a raba kashi ɗaya gida miliyan, a sake raba kashi ɗaya gida miliyan, sa'an nan a raba gida dubu. Kashi ɗaya daga ciki shi ne kimanin tsawon karon.

ƘAURAR 'YAN CIBIYA

Akwai wani irin haidirojin mai nauyi da Harold Urey ya gano a cikin 1931. Cibiyarsa, wadda a ke kira diyutiron, furoton ɗaya ce da nutiron ɗaya, kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu a ɓawo guda. Da aka fara jefa ta da injin Lawrence, sai aka ga tana sauya abin hari ko da gudunta bai kai yadda lissafi ya ce ya kamata ba. A cikin 1935 Robert Oppenheimer da wata masaniya, Melba Phillips, suka warware matsalar. Suka ce sa'ad da diyutiron ta matso, abin hari yana ture furoton, amma ba ruwansa da nutiron. Saboda haka sai ta juya, gefen nutiron ya shige gaba, abin hari ya cafke shi, furoton kuwa ya wuce shi kaɗai.

Akawu ya san ba a rufe littafin kuɗi sai shiga da fita sun daidaita. Haka abin ya ke a nan, ɗan cibiya ko ɗaya ba ya ɓacewa. Kabon-12 ya haɗu da diyutiron mai 2, jimla 14. Bayan karo sai a sami kabon-13 da furoton 1, jimla 14. Da irin wannan lissafi James Chadwick ya gano nutiron a cikin 1932: beriliyam-9 da hiliyam-4 suka ba da kabon-12, saura 1 ya fita ba shi da caji.

A cikin 1956 wasu masana biyu, Reynolds da Zucker, a Ok Rij ta Amurka, suka ba da labarin gwajin da suka yi na jefa naitirojin-14 a kan naitirojin-14. Suka sami naitirojin-13 da naitirojin-15, watau nutiron ɗaya ya bar gidansu ya koma maƙwabta, jimla tana nan 28. Sun gane haka ne domin naitirojin-13 ba ya daɗewa, rabinsa ya kan rikiɗe cikin minti 10, yana fitar da alamar da a ke iya ƙirgawa. Abin mamaki, ƙaurar tana yiwuwa ko cibiyoyin ba su taɓa juna sosai ba. Gregory Breit ya yi bayanin cewa ɗan cibiya yana iya ratsa shingen da ƙarfinsa bai isa ya tsallake ba. Wannan hali ne na ƙananan abubuwa wanda ba shi da misali a cikin abin da ido ke gani, nan kuwa misalinmu na tarago ya gaza. Daga baya, a Dubna ta Rasha, cikin shekarun 1960 da 1970, aka ga manyan cibiyoyi su kan manne na ɗan lokaci, su yi musayar 'yan cibiya masu yawa, kana su rabu.

Me aka ƙaru da shi? A cikin 1949 Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen, ko wanne a nasa wuri, suka nuna cewa 'yan cibiya ba a cakuɗe su ke ba, suna zaune ne ɗaki ɗaki, kuma cibiya ta fi ƙarfi in yawan furoton ko nutiron nata ya kai 2, 8, 20, 28, 50 ko 82, ga nutiron kuma har 126. Dalma-208 tana da furoton 82 da nutiron 126, shi ya sa masana ke son ta wajen gwaji. A cikin 1950 Stuart Butler ya nuna cewa in an duba kusurwar da furoton ya bi bayan ya rabu da abokinsa, za a san irin ɗakin da nutiron ya shiga. Watau kamar mutum ne a ƙofar gida, bai shiga ba, amma ya san ɗakin da aka sauki baƙo ta wurin duban hanyar da ɗan rakiya ya bi ya fito.

WARGAJEWAR HARSASHI

Masana suna auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin da su ke rubutawa MeV. A yawancin cibiyoyi, ɗaurin ko wane ɗan cibiya ya kai kamar 8. Amma akwai masu raunin maɗauri. Diyutiron tana rabuwa da 2.2 kacal. Litiyam-7 yana rabuwa gida biyu da kamar 2.5, litiyam-6 da kamar 1.5, beriliyam-9 kuwa da kamar 1.6 ya kan watse ya zama hiliyam biyu da nutiron ɗaya. Irin waɗannan, ko turin lantarki na babbar cibiya kaɗai yana iya tsinka su tun ba su iso ba.

Mafi ban mamaki shi ne litiyam-11, mai furoton 3 da nutiron 8. A cikin 1985 Isao Tanihata, mutumin Japan, da abokan aikinsa suka auna shi a Bakale ta Amurka, suka tarar ya fi yadda a ke zato girma nesa ba kusa ba. Ashe nutiron biyu na ƙarshe ba su cikin taron, suna kewaye daga nesa, kamar yadda mu kan ce wata ya yi sansani. Ɗaurinsu bai kai rabin MeV ba, faɗin kewayensu kuwa ya kusa na cibiyar dalma, mai 'yan cibiya 208. Litiyam-11 ba ya kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kafin rabinsa ya rikiɗe, kuma shi kansa ta hanyar wargaza wata cibiyar da ta fi shi a ke samo shi.

WANNE KE RIGAN WANI?

Ga inda masana suka yi shekaru suna muhawara, ya kamata kuwa malamai su san labarin, don su ga yadda ilmi ke gyara kansa. A cikin 1999 masana a Kanbera ta Ostireliya, cikinsu har da Mahananda Dasgupta da David Hinde, suka jefa beriliyam-9 a kan dalma-208. Suka tarar narkewa gaba ɗaya ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 bisa abin da lissafi ya nuna. Kowa ya ce dalili a fili ya ke: harsashi ya tsinke a hanya, guntu ɗaya ya shiga, ɗaya ya wuce.

Amma ba su tsaya kan zato ba. Daga 2010 zuwa gaba suka riƙa kama guntayen bibbiyu suna auna su. Sai ga shi sau da yawa ƙaura ce ke rigan wargajewa. Misali, litiyam-7 ya gogi bismut-209, ya ɗauke masa furoton ɗaya. Bismut ya koma dalma-208, litiyam ya koma beriliyam-8, jimla 216 kafin karo da bayansa. Beriliyam-8 kuwa ba ya zama, nan take ya kan rabe ya zama hiliyam biyu. Amma "nan take" ɗin nasa, in yana cikin natsuwa, ya fi tsawon karon kamar sau 100,000, watau sai ya yi nisa da abin hari sa'an nan ya rabe. Wanda ya riga ya wuce kasuwa kafin kayansa su zube, ai ba zubewar ce ta hana shi shiga ba. A cikin 2019 masanan Kanbera suka nuna cewa ga litiyam-7, yawanci ba ya tsinkewa tukuna, miƙa wa abin hari guntun jikinsa ya ke yi kai tsaye ya wuce. Ashe zaton farko, duk da kyawunsa, bai cika ba.

INA AMFANINSA?

Wani zai ce, mu da ke fama da taki da tsaro, ina ruwanmu da wannan? Ga amsa.

Na farko, magani. Cibiyar kabon da aka jefa cikin jiki ta kan sauke mafi yawan ƙarfinta ne a daidai wurin da ta tsaya. Saboda haka likita yana iya auna gudunta ta tsaya cikin ƙarin ciwon daji, ta ƙone shi, ba ta yi wa naman da ke bayansa ɓarna mai yawa ba. An fara wannan a Ciba ta Japan a cikin 1994, sa'an nan a Damshitat ta Jamus a cikin 1997. Amma wasu cibiyoyin su kan wargaje a hanya, guntayensu marasa nauyi su zarce inda aka nufa. Likitan da bai san lissafin wargajewa ba zai cuci mai jinya. Wani abin sha'awa kuma, kabon-12 da ya yar da nutiron ɗaya ya kan zama kabon-11, wanda rabinsa ke rikiɗewa cikin minti 20 yana ba da alama, da alamar nan aka iya duba ko maganin ya sauka inda a ke so. Ba mu da irin injin nan a Nijeriya. Asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato suna da sashen gashin ciwon daji, amma da haske mai ratsa jiki su ke aiki.

Na biyu, sanin halittar Ubangiji. Akwai cibiyoyi masu tsananin gudu da ke yawo a sararin samaniya. In kabon ko oksijin suka yi karo a can, su kan wargaje su bar ƙananan guntaye. Masana sun tabbata kusan dukkan beriliyam da yawancin boron da ke duniya ta haka suka samu, har da wani kashi na litiyam, sinadarin da ke cikin batirin wayar da ke aljihun mai karatu.

Na uku, awo. Tun 2004 akwai ƙaramin murhun nukiliya a Cibiyar Binciken Makamashi da Horaswa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙirar ƙasar Sin, wanda ya fara aiki da ƙarfin kilowat 30. A cikin 2018 aka sauya masa makamashi da wanda ba ya yiwuwa a yi bom da shi, aka mai da tsohon ƙasar Sin. Murhun ba ya karon manyan cibiyoyi, amma aikinsa ɗan'uwan ƙaura ne. A kan sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki, nutiron ya shiga cibiyoyinsa, ko wane sinadari ya fitar da tasa alama, a san yawan zinariya ko yuraniyam ko guba irin arsanik da ke ciki. A Ile-Ife kuma akwai injin jefa furoton da hiliyam don irin wannan awo. Mu mutanen Zamfara mun san tsadar rashin awo. A cikin 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Da wata na'ura dabam a ke auna dalma, amma darasin ɗaya ne: jama'ar da ba ta da masu auna abin da ke cikin ƙasarta, a maƙabarta ta ke jin labarinsa.

KIRA GA MALAMAI DA AKAWUNA

Sa'ad da Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Raggan, cikin Hamadar Aljeriya, ran 13 ga Fabrairu 1960, hankalin mutanen Arewa ya tashi, gama daga hamada hunturu ke kwaso mana ƙura. Bayan gwaji na uku, a cikin Janairu 1961, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa. Tun 1971 kuma a ke haƙar yuraniyam a Arlit, ƙasar Nijar, maƙwabtanmu. Watau al'amarin zarra ya daɗe da iso ƙofarmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Tsoron abu ba ya maganinsa, saninsa ne magani.

Na san halin da makarantun Shinkafi da Zurmi da Ƙaura su ke ciki. Kowa yana tune da 2021, sa'ad da rashin tsaro ya sa aka rufe makarantu da kasuwannin mako a jihar nan. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji. Amma darasin nan ba ya bukatar kayan Turai. Malam ya sa yara su cura laka da wake da masara a ciki, wake furoton, masara nutiron. A gangara curi mai tauri ya gogi wani, a ƙirga abin da ya manne. A gangara mai taushi, a ga yadda ya ke watsewa. Sa'an nan a rubuta lissafin shiga da fita a allo, a gaya wa yara inda misalin ya yi daidai da inda ya gaza. In kuwa yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfin malami, ba abin kunya ba ne ya ce, "Ban sani ba, amma zan bincika." Masanan Kanbera ma shekara 20 suka yi kafin su gyara amsarsu.

Ku kuma akawuna da masu riƙe da ofis, ta hannunku takardun alli da littattafai da kuɗin jarrabawa su ke bi. Takardar da ta kwana wata uku a kan tebur, wata uku ke nan aka yanke daga karatun wani yaro. Hanya kuwa a buɗe ta ke: akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga Sakkwato, ga Zariya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron nan na ƙasar Zurmi, in an amsa masa tambayarsa an kuma riƙe shi da lissafi, ba abin da zai hana wata rana ya zama shi ke auna mana ƙasarmu da ruwanmu. Na aika wa malaminsa da kwafen wannan bayani, na roƙe shi ya karanta wa ajin. Allah ya ba mu zaman lafiya da ilmi mai amfani, amin.